Gizo da Soyayyen Iri

"Ga ta nan, ga ta nanku, in dai kun ajiye wayoyin nan."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, ai mun kife su."

To madalla. A shekarar da waya ta shigo garin namun daji, babu wanda ta shiga wa rai kamar Gizo. Da can, in aka ga Gizo ya yi shiru a gindin tsamiya, sai kowa ya je ya duba rumbunsa, don an san dabara yake saƙawa. Amma tun da ya sami waya, zaman shirun nan ya ƙare. Da ita yake tashi, da ita yake cin tuwo, har bayan gida da ita yake zagayawa. Dabbobin suka buɗe wani zaure a cikin wayar, inda kowa ke zuba abin da ya ga dama, sauran su bi suna dangwala masa yatsa.

Shekarar da ta wuce an yi fari, abin da ya rage a gidan Gizo tulu ɗaya ne na irin gyaɗa. Matarsa Ƙoƙi ta barbaɗe shi da toka, ta liƙe bakin da laka, ta ce duk wanda ya taɓa tulun nan kafin ruwan shuka, abincin 'ya'yanta na baɗi ya taɓa. Shi kuwa Gizo kwaɗayin soyayyiyar gyaɗa ya hana shi sakat.

Ran nan sai 'yar ragowar dabararsa ta motsa. Ya rubuta a zaure cewa ya ji an ce in aka jiƙa irin gyaɗa da gishiri, aka soya shi da yashi kafin a shuka, zafin kasko yakan tashe shi daga barci, ya tsiro da wuri. Nufinsa kowa ya soya ya shuka, shi kuma ya bi gonaki yana tonewa yana ci. Ya tura, ya kwanta yana dariya har ƙafafunsa takwas na rawa. Ya ce wa kansa bana sai ya ƙoshi a gonar wawa.

Washegari labarin ya dawo masa ta hannun Kurciya, sai dai an ɗan gyara masa riga. Inda Gizo ya rubuta "an ce", yanzu ya koma "masana sun tabbatar". Gizo ya yi dariya har da hawaye, ya ce Allah ya ƙara mana irin waɗannan masana.

Ba a jima ba ya sake dawowa ta hannun Biri, wannan karon har da hoto. Ga gona nan shar, ga gyaɗa an tuge, kowace ƙwaya kamar ƙwan zabo. Gizo ya yi dariya, amma ba ta yi tsawon ta farko ba. Ya ja hoton ya ƙara masa girma, ya daɗe yana kallo.

Na uku, Kura ce ta turo saƙon murya. Ta rantse da kabarin kakanta cewa a gidansu ba a taɓa shuka ɗanyen iri ba, kuma duk wanda ke musu ya bayyana kansa a san baƙauye. A ƙarƙashin saƙon yatsu sun taru kamar tururuwa, har da na Giwa, wadda ba ta cika magana ba. Nan fa Gizo ya daina dariya.

Kada ku ce ya manta shi ya ƙaga zancen. Bai manta ba. Abin da ya gani shi ne, gari guda ba zai taru a kan shirme ba, kuma mai basira irinsa, ba mamaki ko ƙarya ya yi ta faɗa kan gaskiya. Da Gizon da ne, da ya zauna shiru ya auna. Wannan kuwa da tunani ya ɗan leƙo, sai waya ta yi ƙara, ya duba, tunanin ya koma inda ya fito. Abin da ya fi ci masa rai shi ne kowa zai amfana da iliminsa, shi mai ilimin a bar shi a baya.

Ya sami Ƙoƙi tana tankaɗe, ya ce ta kawo tulu ta ɗora kasko.

Ta ce, "Maigida, soyayyen abu ya taɓa tsirowa?"

Ya ce, "Ke kin fi Giwa sani ne? Duba yatsu."

Ta ce, "Yatsu ba sa noma. In ka matsu, soya tafi ɗaya mu gwada, a bar saura."

Gizo ya ce gwaji na masu shakka ne, shi ya wuce nan. Ƙoƙi ta ce to tulu dai ba za a taɓa shi ba. Ya nuna kamar ya haƙura. Ranar da ta tafi gidan suna, ya fasa lakar, ya ɓare irin, ya soye shi tas, gishiri ya ji. Kuma ku ji abin tausayi: Gizon da kwaɗayi ya sa shi ƙarya, ko ƙwaya ɗaya bai jefa a baki ba, wai kada ya rage albarkar gona. Da Ƙoƙi ta dawo ta ji ƙamshi tun daga ƙofar gida, sai ta zauna a dokin ƙofa ta yi kuka mai isarta.

Ruwan shuka ya sauka, kowa ya ɗauki sungumi. Bayan 'yan kwanaki gonakin gari suka yi kore. Gizo ya ce wa Ƙoƙi ta gani ko, maganar masana ta tabbata, nasu ma yana tafe. Ya yi ta zarya gona safe da yamma, ba abin da ya fito sai ciyawa.

Da abin ya ishe shi, ya tafi wajen Kurciya ya tambaye ta yadda ta soya nata. Kurciya ta ce wane soyi? Ita ko karanta saƙon ba ta gama ba, ta ga ya yi tsawo, ta ƙara masa 'yan kalmomi ta tura.

Ya tafi wajen Biri. Biri ya ce ai hoton nan shi ma tsintarsa ya yi, bai san ko gonar wace ƙasa ce ba, ya dai ga zai jawo yatsu. Irinsa kuwa ɗanye ya shuka, kamar yadda ubansa ke yi.

Ya tafi wajen Kura, ya tuna mata rantsuwarta. Kura ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Haba Gizo, yaushe kakana ya taɓa noma? Na ga kowa na magana ne, in yi shiru a ce ban waye ba?"

Ashe duk garin nan, daga Giwa har Ɓera, babu wanda ya ɗora kasko sai mutum ɗaya.

Gizo ya ja ƙafa ya koma gonarsa, ga yunwa ga kunya. Ya durƙusa ya fara tono, ko ya sami abin sawa a baki. Gara ta riga shi, sai ɗai-ɗai yake tsinta, sun yi laushi, gishirin ya wanke. Yana cikin taunawa da ƙasa da komai, sai ga Ƙoƙi ta biyo da kwando za ta tsinko ganyen tafasa, don shi ne abincin gidan har baɗi. Ta tsaya ta dube shi.

Ta ce, "Sannu maigida. Na ji ranar nan kana faɗa wa kanka bana sai ka ci gyaɗa a gonar wawa. To, ga ka ga gonar, ci ka ƙoshi."

Kun ji, jikokina. Waya ba ta ɗebe wa Gizo ƙwaƙwalwa ba, shi ne ya daina zama da ƙwaƙwalwar tasa. Duk abin da ya zo muku a wayar nan, ko yatsa nawa aka dangwala masa, ku kife ta tukuna, ku yi shiru, ku tambayi kanku ko soyayyen iri yana tsirowa.

Ƙungurus kan kusu, shi ma kusun ɗanyen iri ya shuka.