Darar Bushiya a Kan Surin Gara

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso, muna saurare.

Ana gab da damina, Gara ta kira Bushiya wasan dara a kan surinta, wadda aka ci ta bar raminta. Bushiya gwana ce, ta yarda. Ta ɗauki guntayen kara sha biyu, Gara ta ɗauki curin laka sha biyu.

Bushiya ta ci uku a jere. Da ta duba, lakar Gara na nan cif, karanta kuwa saura bakwai.

"Yaya Gara, ina karana?"

"Ƙanwata, kin ga hannuna ya motsa? Ki dai ƙara koyo."

Ashe dangin Gara na ƙarƙashin gurabun, suna cin kara suna gina laka. Haka karan Bushiya ya ƙare, Gara ta ce ta ci.

Bushiya ta kai ƙara gaban alƙali Kunkuru. Ya ce, "Ke kika yarda da filin. Tashi daga raminki."

Ruwan farko ya same ta a waje da 'ya'yanta huɗu. Ni dai ban yarda an ci ta ba. A mayar mata da raminta, a sake wasan a kan dutse, mu ga iyawar Gara.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.