Akushi a Hannun Baƙo

An ce wai a wani birni an yi wani malami, Malam Zakariya'u, wanda ɗalibai ke zuwa zaurensa daga nesa don karatun fiƙihu. Ɗaliban nan ba yara ba ne, akwai masu gemu, akwai ma masu iyali. Kullum bayan azahar akan fito musu da babban akushi daga cikin gida, su kewaye shi a gindin wata ceɗiya, shi kuwa Malam ya shiga ciki ya ɗan kishingiɗa.

Wata shekara sai ga wani saurayi daga ruga, sunansa Gidado, ya yi kwana tara yana tafe a ƙasa. Mahaifinsa ne ya ɗauke masa kiwo har shekara biyu, ya ce kada ya dawo sai da ilmin da zai riƙa yi musu limanci, domin limaminsu ya tsufa, ido ya tafi.

To, a rugar su Gidado mutum ba ya sa hannu a ƙwaryar wani a tayin farko. Na farko gaisuwa ce, na biyu girmamawa, sai a na uku, in an kama hannunka an ja, sannan ka san da gaske ake. Wanda ya zauna tun a na farko, sai a shekara ana ba da labarinsa wajen tatsa. A birni kuwa tayi ɗaya ne tal. Aka ce maka bismillah ka ce alhamdu lillahi, shi ke nan, ka rage wa mutane hannu, har a zuci su gode maka.

Ranar farko Tanimu, babban ɗalibi, ya ɗago kai daga akushi ya ce, "Baƙo, bismillah."

Gidado ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Ya zauna gefe yana jiran na biyu. Bai ji komai ba sai ƙarar suɗe akushi.

Haka aka yi kashegari, haka aka yi mako. Garin geron da ya zo da shi ya ƙare. Ya koma in an fito da akushi sai ya ɗauki littafinsa ya gangara bakin rafi, ya tsinci magarya ko ɗinya, ya kora da ruwa. Wani lokaci ya hango shanun wasu a ƙetare, ya yi ta kallonsu har su ɓace. Yunwa tana cinsa, amma abin da ya fi cin ransa shi ne mutum goma sha biyu, karatu ɗaya, sahu ɗaya a masallaci, a rasa ko ɗaya da zai ce masa zo sau biyu. Ya tabbata a ransa ba sa son sa. Su kuma suka tabbata ƙyamar abincinsu yake yi, suka daina ko amsa gaisuwarsa da kyau. Ya yi wata biyu a birni mai ɗimbin jama'a, bai taɓa jin kaɗaici irin wannan ba ko a dajin da ya fi nisa. Ya ƙudura ranar Juma'a zai kama hanyar gida, ko da zai isa gaban mahaifinsa hannu rabbana.

Ranar Laraba, bayan an tashi karatu, Tanimu ya gurfana. Ya ce, "Allah gafarta Malam, mun gaji. Baƙon nan ya raina mu. Kwana sittin muna yi masa tayi, bai taɓa haɗa hannu da mu ba. Wanda ya fi ƙarfin akushinmu ya fi ƙarfin tabarmarmu. A sallame shi."

Malam ya dubi Gidado, ya daɗe yana dubansa. Ya ga wuyan riga ya yi masa yawa. Ya ga leɓe a bushe. Ya tuna kwanan nan muryarsa takan sarƙe a tsakiyar karatu. Girman kai dai ba ya ramar da mutum haka. Malam ya gane, ya kuma ji nauyin kansa, shi da ke barci ana wannan a ƙofar gidansa. Amma ganewar ba ta raba gardama ba. In ya ce a gaban jama'a yunwa ce ke damun baƙo, kunya za ta kore shi tun kafin Juma'a. In ya tilasta masa ci, zai ci, sai dai lomar za ta tsaya masa a wuya, su kuma su ce don dole ya ci.

Can ya ce, "Gidado, kana da ta cewa?"

"Babu, Allah gafarta Malam."

"To, ga hukunci. Gobe akushi a gaban Gidado za a ajiye, shi ne mai abinci, shi zai yi tayi. Ku kuma ku rama. Duk wanda ya kira, ya ba shi amsar da ya saba ba ku, ba daɗi ba ragi. Jibi ku dawo, in kuna nan a kan bakanku sai in sallame shi."

Ɗalibai suka tashi suna murna, wai ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Gidado ya tashi yana ganin an shirya ne a tozarta shi kafin a kore shi.

Kashegari aka dire akushin dambu a gabansa, yana tururi, man shanu na naso a kai. Rabonsa da abinci mai ɗumi har ya manta. Ya buɗe faifai ya ce, "Malam Tanimu, 'yan'uwa, bismillah."

Suka haɗa baki, har da ɗaga hanci: "Alhamdu lillahi, mun ƙoshi."

Ikon Allah, maimakon maganar ta soke shi, sai ya ji kamar a gida yake. Tun zuwansa birnin nan, yau ne kaɗai ya ji an amsa tayi yadda mutanen kirki ke amsawa. Fuskarsa ta saki. Ya ce, "Haba, ku taɓa ko loma ɗaya ce."

Suka dubi juna. Tanimu ya ce, "An ce maka mun ƙoshi."

Gidado ya miƙe, jiri na ɗibarsa, ya je ya kama hannun Tanimu da hannu biyu yana ja. Ya ce, "Wallahi ba zan sa hannu ba sai kun sa. Yaya za a yi in ci kuna kallo? Wa yake barin mutum don ya ce ya ƙoshi sau ɗaya?"

Tanimu ya dubi hannun da ke riƙe da shi, ba komai sai ƙashi da jijiya. Ya ce a hankali, "Gidado, a wajenku sau nawa ake tayi?"

"Uku mana." Sai kuma ya tsaya. "A nan fa?"

"Ɗaya."

Tanimu, ƙato mai gemu, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ce, "Kenan kwana sittin kana jiran sauran biyun." Ya juya hannun, ya zama shi ne ke riƙe da Gidado, ya zaunar da shi. Ya ce, "Bismillah. Bismillah. Don girman Allah, bismillah." Gidado ya kai loma baki, hawaye na sauka cikin gemunsa ɗan tsiro, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Malam, wanda ranar bai shiga gida ba, ya fito daga zaure ya ce, "Kun yi shekaru kuna koyon karanta takarda, ga mutum a gabanku wata biyu kun kasa karanta shi. Ni ma da nake malaminku sai da kuka kawo ƙara na duba. Kai kuma Gidado, ka ga mutane suna zama tun a kiran farko, ba ka tambayi kanka ko nasu kiran ɗaya ne ba. Wa ke neman a sallami wani?"

Juma'a ta zo ta wuce Gidado yana cikin sahu.

Shi ya sa masu hankali suka ce, kafin ka kira baƙo mai girman kai, ba shi akushi ka ga yadda yake tayi, domin yadda mutum ke kiran wasu, haka yake zaune yana jiran a kira shi.