Awa Huɗun Kusnadi

Akwai wani malamin lissafi a nan garinmu Bandung, sunansa Kusnadi. Duk mai fita gudun safiyar Lahadi a unguwar Dago ya san shi. Amma kaɗan ne suka san shi shekara shida baya, lokacin da nauyinsa ya haura kilo ɗari, likita kuma ya ce masa ciwon suga na gab da kama shi.

Wanda ya fitar da shi daga gida maƙwabcinsa ne, wani tela mai suna Ruhiyat. Ya girme shi da shekara goma sha biyu, shi ya sa Kusnadi ke kiransa Kang, kamar yadda ake kiran wa.

Ranar farko, bayan sallar Asuba, Kusnadi bai yi ko mita ɗari uku ba ya zube a bakin kwata yana haki. Ruhiyat ya tsuguna kusa da shi.

"Ka yi ƙoƙari, Kus. Jiya ko wannan ba ka yi ba. Amma tashi, kada masu shara su haɗa da kai."

Ruhiyat ba mai sauri ba ne. Shekara ashirin yana gudu, bai taɓa shiga sahun gaba ba. Yana gudu yana gaisawa da masu gasa masara, yana tambayar lafiyar iyalan mutane. A haka ya ja Kusnadi, kilomita ɗaya, biyar, goma, har ya kai shi gudun kilomita arba'in da biyu.

Sai almajirin gudu ya fi malaminsa sauri.

Duk farkon shekara Kusnadi kan rubuta burinsa ya liƙa a jikin firij. Na bana layi ɗaya ne: ya gama kilomita arba'in da biyu kafin awa huɗu ta cika. Sau uku yana gwadawa yana faɗuwa. Ya sayi agogo mai auna gudu, ya koma cikin matasa masu zafin ƙafa, ya daina jiran kowa.

Wata Lahadi Ruhiyat ya ɗaga murya daga baya: "Kus, sassauta mana! Ba ɓarawo muke bi ba."

Kusnadi ya waiwayo. "Kang, idan na bi ka, agogona cewa yake ina barci."

Matasan suka kwashe da dariya. Ruhiyat ma ya yi, ya fi kowa ƙarfin dariyar.

A watan bakwai ya zo gidan Kusnadi da yamma. Rigarsa ta yi masa yawa.

"Kang, ka rame! Wane sirri ka samo ka ɓoye mana?"

"Sirrin tsufa," in ji Ruhiyat. Ya ɗan juya kofin shayinsa. "Kus, gasar Yogyakarta ta watan goma, ina so mu yi ta tare. Kafaɗa da kafaɗa, daga farko har ƙarshe. Ina jin ita ce ta ƙarshe a wurina."

"Haba Kang, duk shekara haka kake cewa. Wata shida ina ba kaina wuya. Idan na bi ka, sai awa shida da rabi. Bari in cika burina bana. Baɗi ko rarrafe za ka yi, ina tare da kai."

Ruhiyat ya gyaɗa kai. "To, Allah ya kai mu."

Ranar gasa sun tashi tare, amma kafin kilomita biyu Kusnadi ya ɓace cikin jama'a. Akwai wani wuri da hanyar ke juyowa, masu dawowa su bi gefe ɗaya na titi, waɗanda ke baya suna ɗaya gefen. Nan Kusnadi, yana kilomita na ashirin da bakwai, ya hango Ruhiyat a tsallake. Ba gudu yake ba. Tafiya yake a sunkuye, hannunsa dafe da ciki.

"Kus! Kus!"

Kusnadi ya ji. Ya dubi agogo. Minti biyu kacal ya rage masa na rara. Ya ɗaga masa babban yatsa, ya wuce.

Ya gama a awa uku da minti hamsin da bakwai. Ya yi sujada a kan kwalta, ya ɗauki hotuna, ya ciji lambar yabonsa. Yana cikin amsa gaisuwar taya murna wayarsa ta yi ƙara. Imas ce, matar Ruhiyat, wadda yake kira Teh, wato yaya. Motar asibiti ta ɗauke mijinta daga hanya.

A barandar asibiti ta tare shi, idanunta sun kumbura.

"Tun watan huɗu aka gano. Ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu."

"Teh Imas, me ya sa ba wanda ya gaya min?"

"Shi ya hana. Ya ce idan ka sani, tausayi ne zai sa ka bi shi. Shi kuma so yake ka bi shi don kana so."

Kusnadi ya shiga ɗakin da lambar yabon a aljihu. Ya kasa kallon gadon.

"Kang, ka yafe min..."

"Nawa ka yi?"

"Kang..."

"Na ce nawa?"

"Uku da hamsin da bakwai."

Ruhiyat ya lumshe ido, ya yi murmushi. "Madalla. Ka sha wuya a kansa."

"Da ka kira ni a hanya, me ka so ka ce min?"

Ruhiyat ya buɗe ido. Sai ya ce, "Tsoro na ji, Kus. Ban taɓa jin tsoro a kan hanya ba sai yau. Na so wani nawa ya riƙe min hannu. Shi ke nan. Ya wuce, kada ka sa a ranka."

Aka dawo da shi Bandung, ya ƙara kwana talatin da biyar a duniya. Kusnadi na zuwa kullum bayan makaranta, yana goge masa baki, yana juya shi a gado. Yana cikin waɗanda suka saka shi a kabari.

Lahadin ƙarshe ta shekara, muka taru kamar kullum a rumfar mai faten shinkafa da kaza, kowa ya faɗi abin da ya yi bana da abin da yake nema baɗi. Shugaban ƙungiyarmu ta masu gudu, Herlan, ya buga cokali a kwano.

"Sai gwarzon bana! Malam Kusnadi, tashi ka ba mu lissafi."

Aka yi tafi. Kusnadi ya miƙe, ya jira tafin ya mutu.

"Bana na yi gudun kilomita dubu biyu da ɗari uku. Na samu abin da nake nema. Na baɗi kuwa, ba ni da wata lamba. Duk gasar da na shiga, ku neme ni a baya, wurin wanda ya gaji."

Ya dubi jama'a, ya ci gaba.

"Kun san faɗin titin da Kang Ruhiyat ya kira ni daga tsallakensa? Na koma na auna shi. Taku goma sha huɗu ne. Duk gudun da na yi bana, shi ne na kasa tsallakawa."

Ya zauna. Babu wanda ya sake taɓa abincinsa.

Darasi: Buri abu ne mai kyau, amma yana iya jiranka wata shekarar, mutum kuwa ba lallai ya jira ba. Idan wanda ya ɗaga ka lokacin da kake ƙasa ya kira sunanka, ka tsaya, ko me kake bi. Ku tura wannan ga waɗanda kuka daɗe kuna ce wa "sai na samu lokaci", sannan ku ajiye wayar ku je ku gan su.