Awa Uku da Awa Bakwai

Akwai wani ɗan kasuwa a tsibirin Unguja mai suna Salum Mbarouk. Allah ya buɗa masa a cinikin kanumfari, sai ya sayi jirgin ruwa na shaƙatawa mai inji biyu. Salum ba mugu ba ne, amma irin mutanen nan ne da ke ganin wanda ya biya kuɗin abu ya fi kowa saninsa.

Matuƙin jirgin wani dattijo ne, Kombo Faki, wanda ya yi shekara talatin yana ratsa tekun da ke tsakanin Unguja da tsibirin Pemba.

Wata safiya aka bugo waya daga Pemba cewa jikin Bi Asha, yayar mahaifiyar Salum, ya yi tsanani, kuma ba ta kiran sunan kowa sai na ƙanwarta. Jirgin fasinja ya riga ya tashi. Mahaifiyar Salum, Bi Zuwena, ta ɗaura zanenta na kanga ta ce masa, "Ka kai ni in same ta da rai."

A ranar man dizal ya yi wuya a tasha, lita ɗari huɗu kacal suka samu. Kombo ya ce, "Maigida, ya ishe mu, in dai a hankali za mu tafi. Awa bakwai, mu sauka da la'asar."

"Awa bakwai? Jirgin da ke zuwa a awa uku?"

"Ba da wannan man ba."

Salum ya yi dariya. "Baba Kombo, ko lissafi ya tsufa tare da kai? Injin da ya yi aikin awa uku da wanda ya yi na bakwai, wa ya fi shan mai?"

"Na awa ukun. A hankali lita arba'in yake sha a awa. In ka matsa masa, sai ya sha fiye da ɗari biyu. Ruwa ba kwalta ba ne, ranka ya daɗe, turo ka yake yi."

Suna fita daga tasha Salum ya ture hannun dattijon ya danna totur har ƙarshe. "Jirgina ne," in ji shi. Kombo ya roƙe shi sau biyu, bai ko waiwayo ba.

Jirgi ya ɗaga hanci yana tsaga ruwa, Salum sai murmushi yake. Bayan awa ɗaya ƙasa ta ɓace gaba da baya. Kombo ya je ya durƙusa gaban Bi Zuwena ya ce, "Mama, in ba ki tsawata masa ba, a tsakiyar tekun nan za mu tsaya, ruwa ya ja mu inda ya ga dama."

Tsohuwar ta ɗaga murya. "Salum! Saki abin nan ka zo."

Kombo ya rage gudu, ya buɗe bakin tanki, ya miƙa wa Salum sandar awo. "Tsoma da hannunka."

Ya tsoma ya zaro. Mai bai kai rabin inda yake da safe ba, ga shi ko rabin hanya ba su yi ba. Ya dubi mahaifiyarsa riƙe da carbi, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Baba, yanzu yaya za mu yi?"

"Au, yanzu na zama Baba na gaskiya?" in ji Kombo. "Zauna ka yi addu'a, shi ne aikinka."

Dattijon ya kashe inji ɗaya, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya bar jirgin yana rarrafe. Awa shida suka yi a haka, rana na dukansu. Wani kwalekwalen masunta mai filafilai ya zo ya wuce su, masuntan suna ɗaga hannu suna cewa, "Masu kuɗi, ko mu ja ku ne?" Salum bai ɗago kai ba. Duk bayan awa shi da kansa yake tashi ya tsoma sanda ya kawo wa Kombo ya duba.

Ana kiran la'asar suka shigo tashar Mkoani da ke Pemba. Saura ƙiris su kai gaɓa injin ya yi tari sau biyu ya mutu, sai igiya aka jefo musu aka jawo su. Salum ya zube a kan katakon tasha yana ta hamdala, hawaye na zuba.

Sun tarar da Bi Asha a kwance, numfashi sama-sama, amma idonta biyu. Bi Zuwena ta kama hannunta ta ce, "Yaya, ga ni."

Marar lafiyar ta daɗe tana kallonta, sannan ta yi murmushi. "Zuwena, har kin iso? Lallai kun yi sauri."

Salum ya juya ya dubi Kombo da ke tsaye a bakin ƙofa, ya je ya kama hannunsa da hannu biyu.

Darasi: Sannu ba ta hana zuwa, gaggawa ce ke yasar da mutum a tsakiyar hanya. Kuɗinka na iya saya maka jirgi, amma ba zai saya maka sanin mai shekara talatin a kansa ba. Tura wa wani mai gaggawa da ka sani, wataƙila ya saurara tun tankinsa bai ƙone ba.