Tumbin Saje Fannami

A daminar da aka yi rikicin burtali a Tudun Gawasa, aka turo sojoji kaɗan su zauna tsakanin manoman garin da makiyayan rugar da ke bayan rafi. Shugabansu wani Babarbare ne, Saje Fannami, dogo mai fara'a, wanda a lokacin ɗamararsa ke zagaye ƙugunsa har ta bar saura. Aka ba su tsohon ɗakin ajiyar taki a bakin kasuwa, suka zauna.

Mutanen wannan yanki suna da wata al'ada. Baƙon da ya zo da alheri ba ya hura wuta, gidaje ne ke aiko masa da akushi, kuma yadda akushin ya koma gida shi ne amsar baƙon. In ya koma a suɗe, an karɓi zumunci. In ya koma da saura, baƙo yana da magana a cikinsa. In kuwa ba a taɓa shi ba, an ƙulla gaba. Abincin yaran soja daban ake zubawa, na Saje daban, kuma na Sajen ake dubawa. Sau da yawa ma maigidan da kansa yake biyo akushin, ya zauna yana hira har a suɗe.

Manoma suka riƙa aiko da tuwon dawa da miyar kuka, da dambu, da farfesun zabi. Makiyaya suka ga ba za a bar su a baya ba, suka riƙa aiko da fura da kindirmo, man shanu yana yawo a kai. Kowane ɓangare yana lura da wanda aka fi cin nasa. Saje Fannami mutum ne mai adalci, kuma gaskiya ba mai ƙin abinci ba ne. Ya ci na gari, ya sha na ruga, bai taɓa fifita wani ba. Damina biyu suka wuce ba a ɗaga wa kowa sanda ba, ɗamarar Saje kuwa sai da aka yi mata ƙari wajen baduku.

Da farkon damina ta uku aka kira su bariki gwajin lafiya. Saje ya hau sikeli, likita ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Aka zo gudu da kaya a baya, bai kai rabin fili ba ya nemi inuwa ya zauna.

Kwamanda ya ce, “Saje, tsaron gari muka aike ka, ko cinye shi?”

Saje ya ƙame, ya ce, “Ranka ya daɗe, zaman lafiyar da aka aike ni nema ce ta taru a nan.”

Kwamanda ya yi dariya har da hawaye, amma doka ba ta dariya. Ya ce ya koma bakin aikinsa, bayan girbi za a sake gwada shi. In ya sake faɗuwa, sallama ce: ya tuɓe kaki, ya kwashe matarsa Yagana daga gidan bariki. Kuma babu rana ta uku. Saje tun yana saurayi ya shiga soja, bai iya noma ba, bai iya ciniki ba. Ya koma Tudun Gawasa jiki a sanyaye, ya tarar akusa na jiransa a bakin ƙofa.

Na farkon da ya taimake shi mataimakinsa ne, Kofur Iliya, siriri kamar sillen kara. Shi ya ga inda matsalar take. In Saje ya ci, kaki ya tafi. In ya mayar da abinci, gari ya hargitse. Zubarwa ba ta yiwuwa, don ban da alhaki, a ƙaramin gari ko kaji sai su tona asiri. Raba wa yaran soja ma ba dama, rabinsu suna zance a cikin gari, bakinsu ba ya riƙe magana. Sai Kofur ya shelanta cewa an kafa sabuwar doka, shugaban soja ba ya cin abinci a gaban jama'a. Daga ranar akan shigar da akusa cikin ɗaki a rufe ƙofa. Saje ya ci wake kaɗan da zogale a gefe yana haɗiyar miyau, Kofur ya naɗe hannun riga ya fuskanci sauran shi kaɗai.

Makon farko ya yi shi da murna. Daga baya ko ƙanshin man shanu ya ji sai idonsa ya kawo ruwa. Abin da ya ƙara masa wahala, da mutane suka ga Saje yana ramewa alhali akusa na komawa a suɗe, sai suka ce sammu aka yi masa, kowane ɓangare yana zargin ɗayan. Maganin da suka gani shi ne a ƙara yawan abinci. Kofur ya cinye wannan ma. Kumatunsa suka fito, maɓallan rigarsa suka fara neman agaji, 'yan kasuwa suna ce masa, “Kofur, ruwan garinmu ya karɓe ka!” Yana sane sarai cewa sikelin da ke jiran Saje shi ma yana jiransa.

Na biyu wani makiyayi ne, Gidado. Tumbi ya fara sauka, amma numfashi bai dawo ba. Saje ya gwada gudu a filin makaranta, jama'a suka taru kallo kamar an zo da kura, kunya ta sa ya bari. Wata safiya Gidado ya biyo da shanunsa ya same shi zaune a kan benci. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowa cewa yake ɗayan bawansa ne.

Ya ce, “Bawana, na ji an ce gwamnati ta gaji da ciyar da kai. Kada ka damu. In an kore ka, zo ka riƙa ɗaukar mini gora. Ko da yake ba na jin za ka kai rafi.”

Saje ya ce, “Ni? Kai da iska ke kayarwa? Wuce mu tafi, in nuna maka ubangidanka.”

Ya ɗauki bindiga ya ce wa yaransa ya tafi sintirin burtali. Ran nan a kan takarkari aka dawo da shi. Washegari Gidado ya sake biyowa da sabuwar tsokana, haka jibi, haka gata. Bai taɓa cewa taimako yake yi ba. Sai dai ya bar makiyayar da ke kusa, ya riƙa zaɓar ta bayan duwatsu. Yakan saki maraƙi da gangan, ya ce, “Bar shi kawai, Babarbare ba ya kama maraƙi.” In Saje ya zube a gindin kalgo, sai ya ce, “Huta abinka. A nan kakana ya bar kakanka.” Saje ya miƙe yana zagi, a ci gaba. Shanun suka sha tafiyar da ba su bukata, nono ya ragu a ƙwarya, matar Gidado ta yi ta mita, mahaifinsa ya kira shi ya yi masa faɗa. Bai fasa ba. Kafin gero ya nuna, Saje yana hawa dutse yana waƙar fareti.

Na uku wani dattijo ne manomi, Baba Hashimu, wanda ya gaji ɗori daga kakanninsa. Ana tsakiyar girbi, ranar gwaji ta matso, Saje ya bi wani ɗan bijimin Gidado da gudu, ƙafarsa ta faɗa ramin gafiya. Idon sawu ya goce, ya kumbura kamar tulu. In aka kai shi asibitin bariki za a naɗe ƙafar a ce ya kwanta, ranar ta wuce, kuma Kwamanda ya riga ya faɗi tasa. Aka aika wa Baba Hashimu. Yana gona, geronsa a yanke a ƙasa ba a ɗaure ba, ya ajiye lauje ya taho. Ya ja ƙafar ya mayar da ita, Saje ya yi ƙarar da aka ji a ruga. Ya ɗaure da karare, ya riƙa zuwa safe da yamma yana murzawa, yana tofi, yana sa shi taka ƙasa kaɗan kaɗan. Kafin ya koma ta kan geronsa, gara ta ci rabonta.

Ba wannan kaɗai ya yi ba. Wata rana ya zo da wuri, ya tura ƙofa bai jira an amsa sallama ba, sai ga Kofur Iliya ya tasa akushi a gaba yana gumi. Akushin gidan Baba Hashimu ne, da zanen da matarsa ta yi a murfi. A al'adar garin, kalma ɗaya daga bakinsa a kasuwa ta isa ta rushe duk abin da aka gina. Ya dubi Kofur, ya dubi Saje, ya ce, “Ci a hankali, ɗana, miyar da yaji.” Da ya fito sai ya sanar a masallaci da ruga cewa wanda aka yi wa ɗori ba ya cin maiƙo ko abu mai nauyi, duk mai ƙaunar Saje ya dakata da akushi sai ƙafa ta warke. Maganar maɗori ba a ja da ita. Akusa suka tsaya ba tare da ran kowa ya ɓaci ba, Kofur ya yi azumin nafila don godiya.

Ranar gwaji ta zo. Saje ya hau sikeli, likita ya gyaɗa kai. Aka yi gudu da kaya, yana ɗan ɗingishi, samari suna wuce shi, amma ya iso kafin a busa usur. Ya kama katanga ya haye. Kwamanda ya ce, “Ina ka kai sauran?” Bai rufe baki ba aka kira Kofur Iliya. Allurar sikeli ta yi ta rawa a bakin iyaka, sai da ya cire takalma da hula da agogo sannan ta tsaya inda ake so. Kwamanda ya dube shi, ya ce, “To, na gani.”

A cikin makon Yagana ta haifi ɗa namiji. Saje ya ce ba abin da zai saka wa wanda ya cece shi da shi sai ya yi masa takwara. Yagana ta ce, “Madalla. Amma yaron ɗaya ne, su kuwa uku. Kada ka bari liman ya zo kana ta ƙirga yatsu.”

Ranar suna duk ukun suka zo bariki, suka zauna a tabarma ɗaya, ba wanda ya roƙa wa kansa. Jama'a ne suka ɗauki gardamar.

Wasu suka ce Kofur ne. Ba don shi ba da tumbin yana nan, ko kuwa garin ya kama da wuta, kuma shi kaɗai ya jefa nasa kakin cikin haɗari. Aka ce musu, mutumin da aka sa cin zabi da kindirmo, wace irin wahala ya sha?

Wasu suka ce Gidado ne. Ramewa kaɗai ba ta sa gudu, ko ya wuce sikeli da fili ya kayar da shi, kuma babu wanda zai iya tayar da Saje daga benci sai abokin wasansa. Aka ce musu, ai bijiminsa ne ya jawo targaɗen.

Wasu suka ce Baba Hashimu ne. Da ƙafa ba ta taku ba, da wahalar biyun ta tashi a banza, ga hatsinsa da ya bari, ga bakinsa da ya kama. Aka ce musu, shi a ƙarshe ya zo, ya tarar an ci ƙarfin aiki.

Aka raba goro, mahauci ya kayar da rago ya riƙe wuƙa. Liman ya matso ya kawo kunnensa kusa da bakin Saje Fannami.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, sunan wa ya kamata ya raɗa wa liman: Iliya, Gidado, ko Hashimu?