Hannun Otis da Asusun Kamfani

Akwai wani mutum a garinmu na masu narka ƙarfe, nan Amurka, sunansa Wendell. Shekara da shekaru yana aiki a bakin tanderu tare da amininsa Otis, dukansu 'yan ƙungiyar ƙwadago. A masana'antar ba a barin mutum ɗaya a kan tanderu, sai biyu-biyu. Ƙungiya ce ta ƙwato wannan tun zamanin iyayensu.

Da aka ƙara wa Wendell girma ya zama mai duba ma'aikata, sai ya fita daga ƙungiya kamar yadda aka saba. Ko zama bai gama yi ba manaja ta kira shi ofis.

Ta ce, "Kamfani yana da asusun tallafa wa 'yan takara. Manya duk ana cire musu wani abu a albashi. Amma fa ba dole ba ne."

Kowa ya san "ba dole ba ne" ɗin ofis. Wendell ya amince, bai ma tambayi wane ɗan takara ba.

Da aka tashi aiki Otis ya tare shi a wajen ajiye motoci. "Ranka ya daɗe sabon oga, wa kake ciyarwa da guminka?"

"Ina ruwana? Abin ko kuɗin sigarina bai kai ba."

"Ko sigari ai kana duba kwalin kafin ka saya."

Wendell ya ce, "Matsalarku ke nan 'yan ƙungiya, komai sai kun mai da shi yaƙi." Ya rufe ƙofar motarsa.

Ɗan takarar kamfani ya ci zaɓe. Shi da ire-irensa suka yi dokar da ta karya lagon ƙungiyoyi, ma'aikata suka riƙa zamewa daga cikinsu. Da aka zo sabunta yarjejeniyar aiki da kamfani, ƙungiya ba ta da bakin magana, tsarin biyu-biyu ya faɗi. Wendell da kansa ya tura Otis tanderu shi kaɗai, don aikinsa ke nan.

Ranar da ƙugiyar injin ɗaga ƙarfe ta kama safar hannun Otis, babu na biyun da zai kashe injin.

Wendell ya je asibiti. Bai yi kuka ba, bai ji komai a ransa ba ma. Ya tarar an yanke hannun daman, na hagun kuma an naɗe shi da bandeji. Ga romon kaza a gefe yana hucewa.

Ya ce, "Otis, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ai ba ka tambaya ba."

Wendell ya tsaya yana jiran zagi. Da zagin ya zo, da ya samu sauƙi.

Otis ya nuna kwanon da haɓa. "Zauna mana, ɗan'uwa. Ɗauki cokalin ka ba ni. Yunwa nake ji, kuma kai ne mai hannu."

Wendell ya ɗauki cokalin. Ya fi kowane ƙarfen da ya taɓa ɗagawa nauyi.

Darasi: Kada hannunka ya bayar inda bakinka bai tambaya ba. Abin da ka raina a aljihunka, idan ya haɗu da na wasu, yana iya faɗowa a kan wanda ka fi ƙauna. Ku tura wa duk wanda ake cire wa wani abu a albashi bai san inda yake zuwa ba.