Akushin Gimbiya Hakama

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun hanyoyin fatake ba su gama haɗuwa da juna ba, an yi wani ƙasaitaccen sarki a Birnin Alharini wanda ake kira Sarki Barmo. Allah ya ba shi mulki mai faɗi da dakaru masu zafin nama, ya kuma jarrabe shi da son tara kaya, irin son da ba ya jin magani. Taskokin fadarsa sun cika sun batse da dardumai na alfarma, da tasoshin zinariya, da takubba masu kuben azurfa, da riguna waɗanda ba a taɓa warware ninkinsu ba tun ranar da aka ɗinka su. Akwai kuma wata tsohuwar al'ada a birnin, wadda kakanninsa suka kafa da rantsuwa: sarki ba ya mayar da gaisuwar da aka kawo masa, kuma duk abin da ya shiga taska ba ya sake fitowa, ko da allura ce.

To, duk da wannan daula, barci ya ƙaurace wa idon Sarki Barmo. Da ya kishingiɗa sai ya tuna da asu a cikin riguna, ya tuna da gara, ya tuna da ɓarayi, ya yi zumbur ya miƙe yana ƙwala wa babban ɗansa Yarima Tanimu kira, wanda ya ɗora wa riƙon mabuɗan taska, wai a je a duba. Masu magani sun yi iya yinsu, bokaye sun ci kajin fada har sun gaji, sarki dai kullum ƙara ramewa yake yi.

Ana nan sai labari ya iso masa cewa a bayan duwatsun yamma akwai wani ƙaramin sarki dattijo, Sarki Nomau na Dutsen Gauraka, wanda ba shi da komai a ɗakinsa sai buzu guda da buta da riguna biyu, amma in ya kwanta a kan buzun nan sai ya yi barci kamar jariri. Maimakon Barmo ya aika a tambayi dalili, sai ya yanke cewa asirin yana jikin buzun. Ku ji fa, runduna guda ya tayar saboda fatar rago! Dakarun suka ƙone garin, suka kwashe ɗan abin da talakawa suka mallaka, Sarkin Yaƙi kuma don neman suna ya haɗa dattijon da buzunsa ya miƙa su gaban sarki a matsayin gaisuwa. Da haka Sarki Nomau ya zama kayan taska, aka kulle shi tsakanin dardumai da tukwanen tagulla, kuma bisa al'ada babu mai ikon fito da shi har abada. Barmo ya kwanta a kan buzun, bai samu komai ba sai ƙaiƙayi.

Dattijon yana da 'ya guda, Gimbiya Hakama, mace mai kyau da kaifin zuciya, wadda ta tafi ganin gwaggonta lokacin da abin ya faru. Ta dawo ta tarar da garinsu ya zama toka, mata na tona kufai suna neman ko da ludayi. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a inda ɗakin mahaifinta yake a da, ta ɗebi tokar ta ƙulle a bakin zanenta, ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa sai ta fito da ubanta, kuma sai Barmo ya ɗanɗani baƙin cikin da zai sa ya yi fatan da ba a haife shi ba.

Tsofaffi suka ba ta labarin Aljani Damƙau, mai mulkin Tafkin Shiru, wanda ba ya taimakon kowa sai wanda aka zalunta. Gwaggonta ta haɗa mata kayan tafiya kamar za a kai amarya: raƙuma, da akwatunan tufafi, da awarwaron zinariya, da takobin kakanta. Amma hanyar Tafkin Shiru ba ta son kaya. A bakin wani kogi mai ruwa baƙi ƙirin, kwalekwalen da ke ƙetarar da mutane ba tare da matuƙi ba ya ƙi motsi har sai da ta bar raƙuman da akwatunan. A wani kwazazzabo duwatsu suka matso juna, ba su buɗe ba sai da ta cire awarwaron ta ajiye. A kan hawa na ƙarshe takobin ya yi ta ƙara nauyi har ya ja ta ƙasa, ta kwance shi tana zubar da hawayen takaici. Abin da ya ba ta mamaki shi ne, duk sa'ad da ta rabu da wani abu sai ƙafarta ta ƙara sauri, ta daina waiwaye, ta daina fargabar 'yan fashi, domin babu abin da za su ɗauka. Ta isa tafkin da zane ɗaya da ƙullin toka, fushinta kuwa yana nan bai ragu ko da ƙwayar gero ba.

Ruwan ya tsage, Aljani Damƙau ya fito, tsawonsa ya kai na giginya, gemunsa na ɗigar ruwa, idanunsa jajur. Ya saurari ƙararta har ƙarshe, sannan ya shimfiɗa mata zaɓi: kibiyar da ba ta kuskure, ko dafin da ba shi da makari. Hakama ta girgiza kai.

Ta ce, "Ya shugaban wannan ruwa, mutuwa hutu ce, shi kuwa Barmo hutu yake nema ido rufe. Ban ƙetare kogi da duwatsu don in ba shi abin da yake so ba. Ka ba ni abin da zai sa son zuciyarsa ya cinye shi da ransa."

Aljanin ya yi dariyar da ta kaɗa tafkin, ya nutsa, ya fito da wani baƙin akushi, tsohon gaske, har da tsaguwa a gefe. Ya ce, "Ke bil'adama, karɓi wannan. Duk gidan da ya shiga, kowane abu marar rai da ke ciki zai yi ta haihuwar irinsa, kuma kowanne zai yi ta kiran sunan mai shi har sai ya zo ya taɓa shi. Asirinsa ba ya karyewa sai mai gidan ya buɗe ƙofa da bakinsa, ya mayar wa kowa abinsa da hannunsa. Amma ki sani, akushi ba ya bambanta wanda kike ƙi da wanda kike so." Hakama ta ji farkon maganar da kyau, ƙarshenta kuwa zumuɗin ramuwa bai bar shi ya zauna mata a kunne ba.

Ranar zaman fadar Barmo, Hakama ta shiga cikin masu kawo gaisuwa, da zanenta da ya koɗe, ta durƙusa ta ajiye akushin gaban karaga, ta ce wata baiwar Allah ce daga nesa ta kawo abin da ta mallaka. Fadawa suka yi ta ƙunshe dariya, sarki ya yamutsa fuska, amma al'ada ta ɗaure shi. Yarima Tanimu ya ɗauki akushin ya kai taska. Ita kuma ta sami masauki a gidan wata tsohuwa mai fura kusa da ƙofar fada, ta zauna jiran kallo.

Washegari aka tarar kowace tasa ta zama biyu, kowace darduma ta haifi 'yar'uwarta. Barmo ya yi murna har ya sa aka yi kiɗa. Kafin kiɗan ya lafa sai aka ji wata siririyar murya daga cikin taska tana cewa, "Barmo, Barmo." Wani shantali ne. Sarki ya ruga ya taɓa shi, shantalin ya yi shiru, sai takobi ya ɗauka, sai alkyabba, sai tulin takalma gaba ɗaya. Kwanci tashi kaya suka cika taskoki suka malalo zaure, suka toshe barga, suka hau soro, sarki kuma ya koma bawan kayansa, yana gudu daga ɗaki zuwa ɗaki ba rawani ba takalmi, yana shafa tukwane yana roƙonsu su yi masa rai. Ba ya zaman shari'a, ba ya gama cin tuwo. Hakama na zaune a gindin bangon mai fura tana jin kururuwar kayan, wallahi daɗi har cikin ƙashinta. Duk sa'ad da ta tuna makarin da aljani ya faɗa mata sai ta taɓa ƙullin tokar nan ta ce a ranta, tukuna, bai ji komai ba.

Wata rana da hantsi Yarima Tanimu ya yi sallama a gidan mai fura, kafaɗunsa duk sun goge saboda igiyar mabuɗai, hannuwansa sun farfashe. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce ya gane ta tun ranar gaisuwa, domin idonta irin na dattijon da yake kai wa abinci a taska ne. Ya ba ta labarin yadda ya saba zama wurin Sarki Nomau yana jin hirarsa, da yadda zaman nan ya fi masa duk abin da ke fadar daɗi.

Sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, ban zo roƙa wa mahaifina sassauci ba, domin abin da ya aikata ya cancanci fiye da haka. Na zo ne in gaya miki cewa ɗakin da mahaifinki yake shi ma yana haihuwa. Kullum ina ture kaya daga kansa, yau kuwa ƙofar ta ƙi buɗuwa, azarar rufin ta fara ƙara. Da na kira shi, da ƙyar na ji amsarsa."

Nan take ƙarshen maganar aljani ya faɗo mata. Ashe duk kwanakin da ta yi tana jin daɗin wahalar Barmo, tukwanen tagulla take tara wa ubanta a ƙirji. Ta miƙe ko mayafi ba ta nema ba, ta bi Yarima suna tattaka dardumai da tasoshi har tsakar fada, inda suka sami sarki a durƙushe cikin tulin riguna, idanunsa sun zurma, leɓɓansa sun bushe, dubban muryoyi na kiran sunansa ta kowace kusurwa.

Ta kwance ƙullin tokar ta watsa a gabansa. Ta ce, "Barmo, ni ce Hakama 'yar Nomau, wannan kuma tokar Dutsen Gauraka ce. Ka ƙone gari saboda buzu, ka mai da sarki ɗan'uwanka kayan ajiya. Ni na kawo maka akushin nan, kuma da son raina ne da sai ka tsufa kana yi wa tukwane fadanci. Ka karya rantsuwar kakanninka da bakinka, ka buɗe taska, ka mayar wa kowa abinsa da hannunka. In ba haka ba, kayanka za su binne ka."

Kun san abin da mutumin nan ya tambaya? Wai ko za a bar masa rabi. Allah wadaran hali irin wannan! Kayan suka ƙara kururuwa har bangon zaure ya tsage, sai a lokacin ya toshe kunnuwansa ya yi ihu cewa ya karya al'adar, a buɗe, a fitar da komai. Yarima da dogarai suka fasa ƙofar taskar da gatari, suka yi ta jan kaya, har suka kai ga dattijon a takure a lungu, wata babbar tukunya ta danne masa ƙafa. Hakama ta rungume shi, kukan da ba ta yi a kan toka ba ya ƙwace mata. Ya rayu, amma ƙafar nan ba ta sake miƙewa ba, kuma duk ranar da ta ga yana ɗingishi ta san da hannunta a ciki.

Barmo kuwa bai huta ba. Duk abin da akushi ya haifa ya zama ƙura, amma na asalin ya ci gaba da kiransa har sai da ya ɗauki kowanne a ka, a ƙasa, ya kai ƙofar mai shi. Mutanen Dutsen Gauraka suka ga wanda ya ƙone su yana sallama da ludayi a hannu. Da ya mayar da buzun, muryoyin suka ɗauke ɗif, akushin ya ɓace. Ya dawo ba shi da ƙarfin riƙe sandar mulki, manyan gari suka naɗa Tanimu, wanda ya fara da zuba mabuɗan nan a rijiya, ya sa aka sake gina Dutsen Gauraka, sannan ya aika da dattawa neman auren Hakama.

Ta amince, bisa sharaɗi guda: a kai Barmo wani ɗaki a bayan fada, kada a ba shi komai sai tabarma da buta da riga ɗaya, ya ƙare rayuwarsa yana kallon bango. Aka ɗaura aure aka sha biki, kayan ɗakin amarya kuwa mace ɗaya ce ta ɗauko su a ka, tsofaffin birni suna ta salati.

Bayan biki ta ce sai ta je ta ga hawayensa da idonta. Ta riƙo hannun mahaifinta da rana tsaka, suna tafe a hankali saboda ƙafarsa, har ƙofar ɗakin. Ta kasa kunne don jin kuka, sai ta ji minshari. Ta tura ƙyaure, ga Barmo ya miƙe a kan tabarma, baki buɗe, ƙuda na yawo a gemunsa, yana ta sharar barcin da ya ƙone gari guda yana nema. Takaici ya turnuƙe ta, ta ɗaga ƙafa za ta shuri butar don ya farka.

Dattijon ya riƙe ta yana murmushi, ya ce, "Haba 'yata. Kin bar raƙuma a kogi, kin bar takobi a dutse, shi wannan har yaushe za ki yi ta dakonsa? Ƙafata ɗaya ta riga ta tafi a kansa."

Hakama ta daɗe tana kallon mai barcin. Ta ce ita dai ba ta yafe ba, kuma kada wanda ya ce ta yafe. Amma ta sauke ƙafarta, ta ja ƙyauren a hankali yadda ba zai yi ƙara ba, ta tallafi ubanta suka koma.

Iyakar abin da na ɗauko ke nan daga Birnin Alharini, na kuma sauke muku shi duka, ban rage ko allura ba.